Gidajen Ma'aikata a Sabuwar Unguwa: Matakan da Za Ka Bi Kafin Ka Saki Kuɗinka

Duk wanda ke fita wajen Kano ta titin Zariya, ko na Gwarzo, ko na Haɗeja, ya saba ganin allunan nan. An zana gidaje reras, ciyawa shar, mota a ƙofar kowane gida, a ƙasa an rubuta gidaje masu sauƙin kuɗi domin ma'aikata. Ka leƙa bayan allon, gero ne ya fitar da kai. Haka abin yake a gefen Kaduna da Katsina da Abuja. Wasu daga cikin unguwannin nan ana gina su da gaske, wasu kuma allon ne farkonsu, shi ne ƙarshensu. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗan sanda da akawun ƙaramar hukuma, waɗanda aka ce domin su ake yi, su ne suka fi shan wuya wajen rarrabewa, don kuɗin da za su zuba sau ɗaya suke iya tara shi a rayuwa.

Fara da takardar albashinka

Kalmar araha ba ta da ma'ana sai an ce araha ga wa. Saboda haka kafin ka je ofishin kowa, zauna da biro. Ma'aunin da bankunan lamunin gidaje ke amfani da shi shi ne kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu. Mai ɗaukar naira 150,000 ke nan ba zai wuce 50,000 ba.

To, 50,000 a wata gidan nawa za ta saya? A lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka fi sani da NHF, kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin biya kuma yana kaiwa shekara 30. A wannan lissafi, kowace naira miliyan 1 da ka ranta za ta riƙa cin kusan 6,000 a wata. Miliyan 5 kusan 30,000, miliyan 10 kusan 60,000. Mai albashin 150,000 zai iya ɗaukar miliyan 8 da 'yan kai. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ƙarfinsa bai kai miliyan 4 ba. Idan allon ya ce ɗaki biyu da falo miliyan 25, ka san ba kai ake kira ba, komai daɗin bakin mai talla.

Akwai inda mutane ke tuntuɓe. Shekara 30 ɗin nan ba kowa ke samunta ba, domin ana so ka gama biya kafin ka bar aiki, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Mai shekara 45 saura masa 15. A shekara 15, miliyan 1 tana cin kusan 8,400 a wata, don haka 50,000 ɗin nan ba ta kai shi miliyan 6 ba. Albashi ɗaya, gida ba ɗaya ba. Shi ya sa nake gaya wa yaran da suka kama aiki jiya cewa su ne ya kamata su yi wannan lissafi, tun kafin bashin mota da na kayan ɗaki su cinye kason, don banki yana cire basussukan da ke kanka kafin ya auna ƙarfinka.

Bi sawun kuɗin da ake yanka maka

An kafa asusun NHF da doka ta 3 ta shekarar 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata. Ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya mayar da shi ganin dama, amma wanda bai zuba ba ba ya cikin masu cin lamunin. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ma suna iya yin rajista su riƙa zubawa da kansu. Sharaɗin farko shi ne ka yi aƙalla wata 6 kana zubi.

Ganin an yanke a takardar albashi ba ya nufin kuɗin ya isa banki. Nemi lambarka ta NHF a wajen akantan ma'aikatarku, ka latsa *219# a wayarka ko ka je reshen FMBN na jiharku a buga maka bayanin zubinka. Idan ka ga giɓi, yanzu ne lokacin bin sa, da wasiƙa a rubuce ta hannun ƙungiyar ƙwadagonku. Wasu jihohi sun taɓa ficewa daga tsarin gaba ɗaya, don haka ma'aikacin jiha ya tabbatar tasu tana ciki.

Lamunin ba kai tsaye FMBN ke miƙa maka ba. Ana bi ta bankunan lamunin gidaje masu lasisi, su ne ke haɗa takardunka su tura. Za su nemi takardun albashi na watannin baya, shaidar biyan haraji, wasiƙar ma'aikata, takardar tayin gidan, takardar mallakar fili da rahoton ƙiyasin darajar gidan. Rufin lamunin, wato iyakar abin da ake iya ranta, ya daɗe a miliyan 15 kafin a ɗaga shi zuwa 50, sai dai ɗaga rufi bai ƙara wa kowa albashi ba. Za a kuma iya neman ka kawo wani kaso daga aljihunka. Nan ne wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba take da amfani: tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince mai asusun fansho ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara domin biyan wannan kaso, muddin ya yi wata 60 ana zuba masa. Ka tuna dai kuɗin tsufanka ne kake taɓawa.

Maganar kuɗin ruwa

A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ita ta hana dubban ma'aikata kusantar asusun da ake yankar musu kuɗi dominsa. Kada ka ji nauyin tambaya. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da hanyoyin mallakar gida ta ijara, inda banki ke sayen gidan ya ba ka haya har ya zama naka, ko ta murabaha, inda zai saya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. FMBN ma yana da tsarin zama a gida ana biyan haya har a mallaka. Karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya karanta, domin sunan Larabci a saman takarda ba shi ne hukunci ba. Sannan ka kwatanta jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe. Rashin ruwa ba ya nufin rashin tsada.

Filin na waye?

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yin kuka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, shaidarsa kuma ita ce takardar mallaka da kowa ke kira C of O. Sayar da filin da ke da wannan takarda ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Idan mai ginin unguwa ba shi da ita, banki ba zai ba da lamuni a kan gidan ba, kai ma kuma ba za ka taɓa samun taka ba.

Nemi abu huɗu a hannun kamfanin, kwafi ba gani da ido ba: lambar rajistarsa ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wadda za ka iya dubawa a intanet cikin minti biyu, takardar mallakar filin, taswirar safiyo, da amincewar hukumar tsara birane a kan shatar unguwar. Ka ɗauki lambar fayil ɗin ka tafi da ƙafarka inda ake ajiye bayanan filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka biya kuɗin bincike a ba ka sakamako a rubuce. Abin da kake nema: sunan da ke fayil shi ne sunan mai sayar maka? An ba da filin don gidajen zama ne ko don noma? An riga an jinginar da shi a wani banki? Daga nan ka wuce hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwararsu ta jiharku, ka tambaya ko sun san da wannan shata. Awon igiya da aka yi wa ado da allo da tutoci har yanzu awon igiya ne, kuma ranar da katafila ta zo ba ta tambayar nawa ka biya.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Je ka gaida mai unguwa ko dagacin ƙauyen da filin yake, ka zauna a majalisar bakin masallaci bayan la'asar. Tambaya ɗaya za ka yi: an sallami masu gonakin nan? Na taɓa raka wani abokin aikina duba wani fili da har ya ba da kafin alƙalami. Muna tsaye wani dattijo ya taho da fartanya a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce, “Malam, ku ma sayar muku aka yi?” Ya nuna wata tsamiya da bakin fartanyar, ya ce daga nan zuwa kwari gonar gado ce, su tara ne magada, mutum biyu ne kawai suka sa hannu. Abokina bai ce uffan ba har muka hau babur. Ya shafe fiye da shekara yana zarya kafin a dawo masa da wani abu daga cikin kuɗinsa, kuma a gutsure.

Ka je da damina, ka je da asuba

Masu talla sun fi son kai mutane da rani, cikin mota mai sanyi. Kai ka koma a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Dubi inda ruwa ya kwanta, dubi ko wurin tsohon kududdufi ne ko ramin da aka haƙi ƙasar gini aka cike da shara. Irin ciyawar da ta fito ma tana ba da labari: inda ka ga kacala da burugu, fadama ce ko da an ce maka tudu ne.

Sannan wata rana ta aiki, ka tashi daga filin da ƙarfe bakwai na safe ka nufi ofishinku a abin hawan haya. Ƙirga mintuna, ƙirga kuɗi. A ce 1,500 ce zuwa da dawowa, sau kwana 22, ka ga 33,000 ke nan a wata, kai kaɗai, ban da yara 'yan makaranta da uwargida idan ita ma tana aiki. Ɗora wannan a kan biyan wata. Ɗora kuɗin 'yan ga-ruwa idan babu famfo ko burtsatse. Wannan jimillar ita ce ainihin farashin gidan.

Kano ta ga wannan darasi da idonta. Rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu tsakanin 2011 da 2015, gine-gine ne masu kyau da tituna shimfiɗaɗɗu, amma gidaje da yawa sun yi shekaru a rufe ba kowa. Waɗanda suka iya saya suna da wasu gidajen a cikin gari, waɗanda ke buƙatar wurin kwana kuma farashin ya fi ƙarfinsu. Kwatanta da Kundila, ko Barnawa da Malali a Kaduna, waɗanda ma'aikata suka shiga suka rayu a ciki har gari ya zo ya same su. Unguwa ba ta tashi sai da mutanen da ke kwana a cikinta, su ne ke jawo mai shayi da mai kanti da islamiyya da ɗan adaidaita sahu.

Fasalin gidan

Kalli zanen da idon mai iyali. Akwai tsakar gida, ko wurin da za a ja katanga a samar da ita? Baƙo namiji zai iya shiga falo ba tare da ya ratsa ta wajen mata ba? Ina za a hura gawayi a yi shanya? Ciki da falo a fili mai sarari ya fi ɗaki uku da aka cusa a fili kamar akwatin ashana, domin iyali ƙaruwa suke yi. Gidajen shirin Renewed Hope na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashinsa a Karsana ta Abuja a watan Fabrairun 2024 da gidaje 3,112, an zana ƙananan da ake yi a jihohi ta yadda mai ɗaki ɗaya zai iya ƙara na biyu da na uku daga baya. Ko a wajen ɗan kasuwa za ka saya, tambayi ko an yarda ka ƙara gini, kuma a rubuta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Unguwar da take kan takarda tukuna tana da wata fa'ida da ginanniya ba ta da ita: ana iya canza ta. Tun ran gini ran zane. Amma mutum ɗaya da fom a hannu ba ya canza komai. Malamai 80 ko ma'aikatan asibiti 120 da suka zo da ƙungiyar gama kai mai rajista, da asusun banki, da jerin sunayen masu zubin NHF, su ne kasuwar da kowane magini ke nema, don sun ɗauke masa wahalar neman masu saye. FMBN kansa yana da lamunin gina gidaje na ƙungiyoyin gama kai.

Idan gwamnati ce ta ba da filin kyauta ko a kan rahusa, ko ita za ta ja titi da wuta, to jama'a sun riga sun sa hannun jari, kuma kuna da bakin magana. Ku nemi zama da ma'aikatar gidaje ko hukumar gidaje ta jiha tare da maginin, ku tsaya a kan waɗannan. A faɗi adadin gidajen da aka ware wa masu ƙaramin albashi da lamba, ba a ce “wani kaso” ba. A ɗaure farashinsu da matakin albashi, a ce misali mai mataki na 7 zai iya biya da sulusin albashinsa. A nuna inda suke a taswira, kada a tura su can ƙarshen kwari kusa da bola. A gina su tare da manyan gidajen a zango na farko, domin abin da aka ce sai zango na uku yawanci ba ya zuwa. A fitar da filin makaranta da masallaci da asibitin sha-ka-tafi da kasuwa da maƙabarta a shata, a sa musu lamba, don filin da ba shi da suna shaguna yake komawa.

Sai rabo, wanda shi ne wajen da ake yi wa ma'aikaci sakiyar da ba ruwa. Gidajen Shagari na 1979 zuwa 1983 an tsara su ne domin talaka, gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma an dasa da yawa a nesa da gari inda ba ruwa ba hanya, ba a kuma kai ko kusa da adadin ba. A shirye-shiryen da suka biyo baya kuma kowa ya san yadda mai hali ke karɓar gida biyar da sunan direbansa da ƙannen matarsa. Maganinsa a rubuta tun yanzu: mutum ɗaya gida ɗaya da lambar NIN, fifiko ga wanda bai mallaki gida ba, ƙuri'a a bainar jama'a idan masu nema sun fi gidajen yawa, a kafe sunaye a allo, sannan sharaɗin cewa wanda ya samu zai zauna a ciki, ba zai sayar ba sai bayan wasu shekaru, in kuma dole ta kama shi ƙungiya ce za ta fara taya. Wasu 'yan ƙungiyar za su yi gunaguni a kan wannan na ƙarshe, don a ransu sun riga sun sayar sun ci riba. Ku yi wannan rigimar a taronku tun kafin a aza bulo.

Biya da yarjejeniya

Ba a cinikin biri a sama, amma sayen gidan da ba a gina ba kusan hakan ne, don haka sai an ɗaure shi da igiya mai ƙwari. Kada ka biya a asusun mutum, ko da shi ne manajan, ko da ɗan unguwarku ne. Asusun kamfani, ta banki, da rasit mai ɗauke da lambar gidanka. Biyan ya bi aikin: kaso idan an gama harsashi, kaso a linta, kaso idan an rufa kwano, ragowar ranar makulli. Ƙungiya ta fi samun wannan sharaɗi, har ta sa a ajiye kuɗin a asusun da ba a cira sai da sa hannun ɓangarorin biyu.

Ka ba lauya takardar yarjejeniyar ya karanta. Ya duba ranar miƙa gida da abin da zai biyo baya idan an saɓa. Ya duba ko farashin a yanke yake, don da yawa suna saka layin da ya ba su damar ƙari idan siminti da rodi sun tashi, kuma a 'yan shekarun nan sun tashi ba sau ɗaya ba. In ba za a cire layin ba, a sa masa iyaka. Ya duba nawa za a dawo maka da shi idan ka fasa, da kuma cikin wata nawa. Sai ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa a talla: na fom, na lauyan kamfani, na taransifoma, na amincewar gwamna da kan sarki da rajista, na inshora, na hidimar unguwa duk shekara. A jera su duka a takarda ɗaya da jimilla. Ka kuma tambayi abin da zai faru da iyalinka idan ta Allah ta kasance kafin ka gama biya, ko akwai inshora ko takaful da zai rufe ragowar bashin, kuma sunan wa za a rubuta a matsayin magaji.

Ranar makulli

Yayin da ake gini, ku wakilta mutum biyu da wani birkila da kuka yarda da shi su riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Bulon da ka kankara da makulli ya zubo kamar gari, ko ka sake shi daga tsayin ƙirji ya tarwatse, yashi ne aka yi wa turaren siminti. Bayan an yi shafe da fenti ba mai iya ganin wannan.

Ranar karɓa kada ka sa hannu a ofis. Ka shiga gidan da bokitin ruwa da cajar waya da tocila. Kwara ruwan a banɗaki ka ga ko yana bin rariya ko yana komowa ɗaki. Gwada kowane soket. Leƙa cikin silin ka ga kaurin katako da ko haske na shigowa ta kwano. Buɗe murfin sokawe ka ga zurfinsa. Nemo duwatsun safiyo huɗu na kusurwoyin filinka, ka gwada lambobinsu da na takarda. Duk abin da ka gani ka rubuta a kwafi biyu, wakilin kamfani ya sa hannu da ranar gyara, ka riƙe ɗaya. Idan gidan da rani aka miƙa shi, nemi a rubuta cewa gyaran yoyo da tsagewar bango yana wuyansu har ƙarshen damina ta farko.